Yahuza Mai Yasa da Fitilar Rijiyar Kwagiri

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya taskace shi a cikin ƙasa, Ya kuma shiryar da wasu bayinSa zuwa inda yake. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan tarihin Yahuza ne ɗan Jaji, mai yasar rijiya na ƙauyen Kwagiri, wanda ke kan tudu tsakanin Dutse da Miga. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, igiya ta cinye tafin hannunsa har ya zama kamar ƙirgi. Karatunsa bai wuce izu biyar ba, amma ladan bai taɓa rigansa bakin masallaci da asuba ba. Da damina yana noma gero da gyaɗa, da rani yana kiwon 'yan awakinsa, sau ɗaya kuma a shekara, idan bazara ta kama, shi ne yake sauka ƙasan rijiyar gari ya kwashe laka.

Rijiyar ce asalin ƙauyen. Dattawa sun ruwaito daga iyayensu cewa wani bawan Allah, Malam Sharhabilu, ya biyo ta nan a kan hanyarsa ta dawowa daga Hajji a ƙasa, ya tarar da 'yan gidaje suna tafiyar rabin yini neman ruwa. Ya kafa kwagirinsa, wato sandar da yake dogarawa, ya ce a haƙa a nan. Aka haƙa gaba goma sha biyar, ruwa mai daɗi ya ɓulɓulo. Ya zauna shekara bakwai yana karantarwa, ya rasu, kabarinsa yana bayan masallaci. Suka ce an bar kwagirin a ƙasan rijiyar, shi ya sa ba ta taɓa ƙafewa ba, daga nan kuma garin ya samu suna. Allah ne Mafi sanin yadda abin ya kasance.

Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne wasiyyar da ya bar wa kakan kakan Yahuza. Ba a shiga rijiyar sai an kunna fitilar kasko mai man gyaɗa, an sa ta a ƙwarya, an zura ta har ƙasa. In ta dawo tana ci, sai a ce Malam ya ba da izini. In ta mutu, sai a ɗaure rassan itace masu ganye a yi ta zurawa ana jawowa, wai ana share wa Malam hanya, a kuma dakata sai gobe. Haka Jaji ya koya wa Yahuza, da waɗannan kalmomi. A cikin shekara talatin da huɗu da ya yi yana yasa, sau biyar fitilar ta mutu.

Mutane kuwa sun yi ƙari a kan wasiyya. Mata suna ɗaura tsummoki a gwafar bakin rijiya, mai neman haihuwa tana jefa goro, mai ciwon ido yana jefa kwabo. Yahuza ba ya son wannan, domin shi ne mai kwaso ruɓaɓɓen goron da hannunsa. Yakan ce wa matan, “In sadaka za ku yi, ga ni a sama da haƙorana. Me ya sa sai goro ya shekara a ruwa kafin ya iso gare ni?” Su yi dariya, Juma'a ta zagayo su sake jefawa.

Bayan an yanki jihar Jigawa daga Kano aka kawo wa ƙauyen famfon tuƙa-tuƙa. Ruwansa yana da ɗan zartsi, don haka ana wanki da shi ana ba dabbobi, amma randar sha daga rijiyar Malam ake cika ta. A waɗannan shekarun ne Misbahu, ɗan farin Fatsuma ƙanwar Yahuza, ya dawo daga karatu a Kano ya buɗe Islamiyya. Mutum ne mai kamun kai, ba a san shi da ƙarya ba, kuma idan ya ga abu ɓarna ne ba ya iya kawar da kai. Ranar da aka ƙaddamar da shari'a, shi da kawunsa a bayan mota ɗaya suka tafi Dutse suna kabbara. Wata takwas bayan haka, cikin Muharram, suka zauna a zauren dagaci suna fuskantar juna.

Misbahu ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, an gyara mudu a kasuwa, an rufe gidajen giya, amma a tsakiyar garinmu ana kunna wa mamaci fitila ana neman izininsa. Muna roƙo a rufe bakin rijiyar da siminti. Famfo ya wadatar.”

Wani tsoho ya ce daga gefe, “Da ruwan nan aka yi maka wankan suna, Malam.”

“Ruwan Allah ne, Baba, ba na mai kabari ba.”

Dagaci ya dubi Yahuza. “Kai kaɗai ka san ƙasan rijiyar nan. Akwai kwagiri ko babu?”

“Allah ya ja zamaninka, akwai itace. Ko kwagiri ne, ban sani ba.”

“Fitilar fa?”

“Wannan ba a barinta. In Malam bai ba da izini ba, ba a shiga.”

Abokan Misbahu suka yi salati, zauren ya kaure da gunaguni. Yahuza ya gane cewa maganar da ya gada, wadda bai taɓa auna ta ba, ita ce ta zama hujja a kansa. Misbahu ya ce shi zai shiga da kansa, ba fitila, ba ganye, da sunan Allah kaɗai, domin kowa ya ga cewa babu mai ba da izini sai Shi. Dagaci ya daɗe yana shafa gemu, domin yana tsoron a kai ƙararsa Dutse a ce yana kare bidi'a, yana kuma tsoron tsofaffin garinsa. Daga ƙarshe ya yanke hukunci. Za a kwashe ruwan kwana uku kamar yadda aka saba, ranar Asabar Malam Misbahu ya shiga. In ya fito lafiya, an tabbatar fitilar ba komai ba ce, a rufe rijiyar. In wani abu ya hana, rijiya ta zauna.

Yahuza ya fito daga zauren. Ya ga an ɗora shi a kan abin da ba shi da mafita mai daɗi: amanar kakanninsa ba za ta tsira ba sai ɗan ƙanwarsa ya halaka.

Kwana uku ana jan ruwan da wasaki, babban gugan fata, shi kuwa yana duban sama. Zafi ya yi nauyi, ko ganyen darbejiya ba ya motsi, kuma duk guga da ya fito ƙarshe yana zuwa da warin ruɓa. Irin wannan yanayi ya gani a shekaru biyar ɗin da fitilar ta mutu. Ranar Juma'a bayan la'asar ya tafi Islamiyya, ya jira aka sallami ɗalibai, ya zauna a kan tabarma ba tare da an yi masa tayi ba.

“Misbahu, na yarda a rufe. Gobe ni zan kwaɓa simintin. Kada ka shiga.”

“Kawu, in an rufe ban shiga ba, za a ce Malam ya tsorata mu. Murfin ma sai an ɗaura masa tsumma.”

“To, ka bari in zura fitila. Ka kira ta abin da ka ga dama. Akwai ranar da ƙasan rijiya ba ya da iskar da mutum zai shaƙa, wutar ce take fara sani.”

Misbahu ya dubi kawunsa, alamar maganar ta shige shi. Sannan ya ce, “In haka ne, me ya sa shekara da shekaru kuke cewa izinin Malam?”

“Haka na taras ana faɗa.”

“To, ka gani. In fitila ta sauka gobe ta dawo da wuta, kafin in kama igiya mata sun yi guɗa, sun ce Malam ya yafe mini. Na rusa abin da na tsaya a kai da hannuna. Ka yi haƙuri, Kawu. Ajali ba ya cikin kasko.”

“Ba ya cikin kasko. Amma uwarka ƙanwata ce.”

Misbahu ya sunkuyar da kai. Yahuza ya ɗauki takalmansa ya fita. A sallar magariba ya tsinci kansa yana roƙon abin da bai taɓa zaton zai roƙa ba, wato Allah Ya sa iskar ta yi kyau, yaron ya fito, rijiyar ta tafi.

Ranar Asabar da hantsi gari duka yana bakin rijiya, maza a gaba, mata a bayan dangar gona. Fatsuma tana cikinsu, ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Yahuza ya zo da igiya biyu, da madubin da yake haska ƙasa da shi, da kaskon fitila a cikin aljihun taguwarsa, ba tare da ya nuna wa kowa ba. Ya kuma sa aka saro rassan darbejiya, ya ce inuwa za a yi wa masu ja. Shi da kansa ya ɗaura sandar da mai shiga yake zama a kai a bakin igiya, ya gwada ƙullin sau biyu.

“Ka ji abu ɗaya,” in ji shi a hankali. “In ka kai ƙasa kada ka sauka daga kan sandar. Kanka ya yi nauyi, ka girgiza igiya.”

“Na ji, Kawu.”

Misbahu ya yi bisimilla da ƙarfi, mutum shida suka riƙa sakin igiya a kan gungumen da aka gitta a baki. Yahuza ya kwanta rub da ciki, ya tara hasken rana da madubi yana bin farar hularsa. Gaba biyar, gaba takwas, gaba goma sha biyu. Muryarsa tana tasowa, yana cewa lafiya lau. Igiya ta saki, ya taka ƙasa, ruwan iya ƙwauri. Abokansa suka yi kabbara.

Sai Yahuza ya ga ya zare ƙafarsa daga kan sandar, ya sunkuya yana laluben ƙarƙashin dutse, yana neman kwagirin da zai fito da shi a gaban jama'a.

“Misbahu, koma kan sanda.”

“Ga wani itace nan, bari in...”

Maganar ba ta ƙare ba. Ya miƙe kamar mai neman tuna wani abu, ya dafa bango, ya sulale a hankali ya jingina da tarin laka, haɓarsa a ƙirji, ruwa yana taɓa gemunsa. Masu ja suka fizgo igiya, ta zo musu ba nauyi.

Kowa ya fara magana lokaci guda. Wani abokin Misbahu ya tuɓe riga zai kama igiya, Yahuza ya ture shi da kafaɗa har ya faɗi zaune. “Gawa biyu kake so a ɗauko? Ku ɗaure ganyen nan.” Aka ɗaure rassan, matasa huɗu suka riƙa zurawa suna jawowa da sauri, waɗanda jiya suke kiran abin bidi'a da waɗanda suke kiransa share hanya, duk a igiya ɗaya. Shi kuwa yana ɗaure ƙugunsa da hammatarsa da igiya ta biyu, yana ƙidaya a zuci, domin ya san lokacin da ganye ke bukata ya fi wanda yaron yake da shi.

Fatsuma ta ratso maza ta tsaya a bayansa. Misbahu ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, yau ma ba ta kira ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Yaya.”

Bai juyo ba. Ya fito da kaskon, ya kunna lagwani, ya sa a ƙwarya, ya rataye ta da siririn zare a ƙugunsa yadda za ta riƙa lilo tsawon gaba guda a ƙarƙashin ƙafafunsa. Bai taɓa shiga ba sai fitila ta je ta dawo, yau kuwa tare za su sauka. Ya ce wa masu ja, “Ku sake ni a hankali. In na girgiza sau ɗaya, ku sake ni gaba ɗaya kamar guga. In na girgiza igiyarsa, shi za ku fara ja, ba ni ba.”

Aka kwance rassan, ya sauka yana riƙe da igiyar farko, wadda zai ɗaura wa Misbahu, a hannu, idonsa a kan wutar. Ya san kowane dutse na bangon nan, da wanda Jaji ya sauya da wanda shi ya sauya. A gaba goma wutar tana ci. A sha ɗaya ta rage tsawo ta yi ja. A sha biyu ta tsuke ta zama kamar ƙwayar dawa, ta mutu, hayaƙi ya taso masa. Ya cika ƙirjinsa har haƙarƙarinsa ya yi zafi, ya girgiza igiya.

Ya faɗa cikin laka har gwiwa. Ya ɗago kan Misbahu daga ruwa, ya zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammatarsa. Jikin ya yi nauyi kamar buhun jiƙaƙƙen gero, igiyar kuma ta sha taɓo tana zamewa. Ƙullin farko ya kwance. Kunnuwansa suka fara kuka, bakin rijiyar can sama ya zama ɗan farin tabo yana yawo. Ya sake ƙullawa da irin ƙullin da yake yi wa wasaki, ya ja da haƙori, ya girgiza. Ya ga ƙafafun yaron sun bar laka sun wuce ta gefen fuskarsa. Daga nan ƙirjinsa ya ƙi yi masa biyayya, ya ja numfashi, bai ji ya ja komai ba.

Da ya farfaɗo yana kwance a gindin darbejiya, ana yi masa fifita, bakinsa cike da ɗanɗanon laka. Tambayar da ya fara yi da ido ce, aka nuna masa Misbahu a gefe yana amai, uwarsa ta tallafe kansa. Sai ya ji abin da jama'a ke faɗa: Malam ya buge shi, Malam ya nuna ishara. Wata tsohuwa har ta fara yage bakin zanenta za ta ɗaura a gwafa. Rijiya ta tsira, bisa hukuncin dagaci, kuma da ya yi shiru da ta tsira da daraja fiye da ta da.

Ya ce a zaunar da shi. Muryarsa ta dushe, sai da dagaci ya tsawatar aka ji shi.

“Malam bai bugi kowa ba. Ni ma da na je da fitila ga yadda na fito. Iska ce take ɓaci a ƙasa, goron da kuke jefawa yana ƙara ɓata ta. Inda wuta ba ta ci, mutum ba ya numfashi. Abin da bawan Allah ya sani ke nan ya koya wa kakanninmu, mu muka ce izini.”

Dagaci ya ce, “Kwagirin fa?”

“Gungumen ƙirya ne aka tokare dutse da shi, don kada ya rufe idon ruwa. Duk shekara nakan share gefensa. Wanda ya sa shi ya san aiki. Ban ga wani abu bayan wannan ba.”

Wasu dattawa ba su yafe masa wannan magana ba har ya bar duniya, suna ganin ya tuɓe wa garin rigarsa a gaban yara. Ba su lura ba cewa karamar waliyyai gaskiya ce, kuma ba ƙaramar karama ba ce baƙo ya san inda ruwa yake a tudun da mazaunansa suka kasa, ya kuma bar wata ƙa'ida da ta tsare rayuka tsawon zamanai a hannun mutanen da ba su san dalilinta ba. Ba a rufe rijiyar ba. Bayan kwana biyu Yahuza ya kwance tsummokin gwafar da hannunsa ya ƙona, ko da yake har yau akan wayi gari a ga sabo ɗaya, ba a san mai ɗaurawa ba.

Tun daga ranar tari ya kama shi, bai sake sauka ba. Ɗansa Abdulƙadir, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya karɓi igiya. Yahuza da Misbahu ba su taɓa zama sun ce wane ne ya yi daidai ba. Misbahu bai janye ko kalma ɗaya daga wa'azinsa a kan neman biyan bukata wurin mamaci ba, kuma bai taɓa cewa fitilar Malam ba, fitila kawai yake cewa. Sai dai duk bazara yakan rufe makaranta ranar yasa, ya tsaya a bakin rijiya, ba ya barin kowa ya taɓa igiya sai ya ga wutar ta dawo da idonsa.

Yahuza ya rasu da damina, shekara biyu da wata huɗu bayan wannan rana, gero yana bununi. Da ruwan rijiyar aka yi masa wanka, Misbahu ya yi masa salla, aka kai shi maƙabartar bayan masallaci, taku kaɗan daga kabarin Malam Sharhabilu.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Yahuza ɗan Jaji, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya kowane guga da aka ja daga wannan rijiya a ma'aunin alherinsa da na wanda ya nuna wurin haƙa ta, Ka shayar da su daga tafkin ManzonKa, shan da babu ƙishirwa a bayansa. Amin.